WAINAR ƘARFE DA RAGOWAR NAMA: DABARAR AMURKAWA TA HANA ABINCI SHIGA JUJI

A ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba na kowace shekara ne mutanen ƙasar Amurka suke yin bikin da suke kira Ranar Godiya, watau ranar da dangi na kusa da na nesa kan taru a gida guda su ci abinci tare. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ba da sanarwar mai da ita ranar biki ta ƙasa baki ɗaya cikin shekarar 1863, sa'an nan cikin 1941 Majalisar Dokokin ƙasar ta tsayar da ita da doka a kan wannan Alhamis ɗin. Babban abin da ake ci a wannan rana shi ne gasasshen talotalo, kuma ƙungiyar masu kiwon wannan tsuntsu ta ƙiyasta cewa ana cin kimanin miliyan 46 a wannan biki kaɗai.

To, shi talotalon biki ba ƙaramin tsuntsu ba ne. Wanda ake saya domin wannan rana yakan kai nauyin kilo 6 ko 7, wani ma ya zarce haka, kuma da wuya iyali su cinye shi a zama ɗaya, domin akwai dankali da miya da kayan zaƙi iri-iri da ake jerawa tare da shi. Saboda haka idan gari ya waye ran Jumma'a, uwargida ta buɗe firji, sai ta tarar da rabin tsuntsu yana jiranta. Yara sun riga sun gundura da shi, naman ƙirjinsa ya fara bushewa, ƙamshin jiya kuma ya tafi. Daga nan ɗayan biyu ne: ko dai a sake masa kama a ci, ko kuwa a yi ta ɗaga shi gobe jibi har ya lalace a kai shi juji.

Daga cikin dabarun da Amurkawa suka ƙware a kansu wajen sake wa irin wannan nama kama, akwai haɗa shi tsakanin waina biyu ta fulawa wadda suke kira waful, a sa masa wani abu mai zaƙi da wani mai tsami, a ci da hannu. Abinci ne mai sauƙin yi, amma tarihinsa ya ratsa ƙasashe da yawa da ƙarnuka da dama, kuma akwai sharuɗɗan lafiya a cikinsa waɗanda idan aka yi sakaci da su, tsimin da aka yi nufi sai ya koma kuɗin asibiti.

MENE NE WAFUL?

Waful wani abinci ne da ake yi da ƙullun fulawa da ƙwai da madara da mai, a zuba shi tsakanin faifan ƙarfe biyu masu zafi waɗanda aka haɗa da hinji kamar akwati da marfinsa. Kowane faifai yana da 'yan duwatsu masu kusurwa huɗu a jere, don haka idan aka rufe su a kan ƙullu har ya gasu, sai ya fito da ramuka a fuskokinsa biyu kamar saƙar zuma. Wanda ya san wainar shinkafa da tandar da ake toya ta, ya kama hanyar gane shi. Bambancin shi ne, ita waina sai an juya ta kafin ɗaya gefen ya yi, shi kuwa waful zafi ne yake cinsa ta sama da ta ƙasa a lokaci guda.

Asalin wannan abinci daga Turai yake. Tun cikin shekarar 1270 masu sana'ar toya wani siririn burodi tsakanin ƙarafa biyu suka kafa ƙungiyarsu a birnin Paris, suna yawo da shi a tituna da bakin majami'u a ranakun biki. Wani littafin koyar da sha'anin gida da aka rubuta a wannan birni wajen shekarar 1393 ya kawo hanyoyin yin waful, kuma a ɗaya daga cikinsu akan shimfiɗa ƙullu, a ɗora yankan cuku a tsakiya, a rufe da wani ƙullun kafin a sa a ƙarfe. Ashe ke nan cusa wani abu mai gishiri a cikin waful ya girmi ƙasar Amurka kanta. Mai zanen nan Pieter Bruegel, a wani zane da ya yi cikin 1559 na wani biki a ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, ya nuna wata mata a tsugune gaban wuta tana toya shi da ƙarfe mai dogon hannu.

Sunan ya fito ne daga harshen mutanen Holan, kuma ya fara bayyana a wani littafin girki na Ingilishi cikin 1725. Su dai mutanen Holan ɗin ne suka tsallaka teku da ƙarafansu cikin shekarun 1620, lokacin da suka kafa garin da suka sa wa suna New Amsterdam, wanda shi ne ya zama birnin New York. A wancan zamani toya waful aiki ne mai wuya, domin ƙarfen yana da nauyi, ana riƙe shi a bisa garwashi, ƙuna kuwa ba ta rabuwa da hannun mai yi. Ran 24 ga watan Agusta, 1869, wani mutumin garin Troy a Jihar New York mai suna Cornelius Swartwout ya sami takardar mallakar wani sabon ƙarfe da ake ɗorawa a kan murhu a juya shi ba tare da an ɗaga ba. Har yanzu a wannan rana ce Amurkawa suke yin abin da suke kira ranar waful. A farkon ƙarni na 20 aka fito da mai aiki da lantarki, cikin 1953 kuma 'yan gidan Dorsa na garin San Jose a Kalifoniya suka fara sayar da daskararren waful wanda daga baya aka san shi da sunan Eggo.

A Beljiyam kanta iri biyu ne suka fi suna. Na birnin Brussels yana da faɗi da zurfin ramuka, ba shi da nauyi, kuma ba shi da zaƙi sosai. Na birnin Liège da kwaɓi mai kauri ake yinsa, a zuba masa tsakuwar sukari wadda take narkewa ta daskare a bayansa. Na Brussels ɗin ne wani ɗan ƙasar mai suna Maurice Vermersch ya kai babban bajekolin duniya da aka yi a New York cikin 1964, jama'a suka yi ta rububinsa, tun daga nan Amurkawa suke kiran duk wani waful mai zurfin ramuka da sunan na Beljiyam.

YADDA NAMA YA SHIGO CIKI

A Turai waful ya fi zama abin marmari da ake ci da sukari ko 'ya'yan itace. A Amurka ne ya haɗu da nama ya zama abincin cika ciki, kuma ta hanyoyi biyu abin ya faru. Ta farko ita ce ta jikokin Jamusawan da suka zauna a Jihar Pennsylvania tun daga shekarar 1683. Su manoma ne da ba su san zubar da abinci ba. Sukan dafa kaza har ta yi laushi, su zare ƙashi, su yayyaga tsokar, su zuba ta da romonta mai kauri a kan waful. Cikin ƙarni na 19 ma akwai gidajen abinci a bakin rafukan da ke kewaye da birnin Philadelphia da suka yi suna wajen sayar da soyayyar tarwaɗa da waful.

Hanya ta biyu ta baƙaƙen fatar Amurka ce. A jihohin kudu, bayi da 'ya'yan bayi ne suke tsaye a gaban murhun gidajen masu dukiya, su ne suka ƙware wajen suyar kaza da toya waful. Daga wajen 1916 zuwa 1970 kimanin mutum miliyan 6 daga cikinsu suka yi ƙaura zuwa biranen arewa da na yamma domin guje wa wariyar launin fata da neman aikin masana'antu, suka tafi da girkinsu. Cikin 1938 Joseph Wells ya buɗe gidan abincinsa a unguwar Harlem ta New York. Labarin da ake bayarwa shi ne, makaɗan jaz sukan tashi daga aiki da tsakar dare, lokacin abincin dare ya wuce, na karin kumallo bai yi ba, sai ya riƙa haɗa musu soyayyar kaza da waful a faranti guda, ya huta da asarar kazar da ta yi kwantai. Cikin 1975 Herb Hudson, wanda shi ma daga Harlem ya fito, ya buɗe gidan abincin Roscoe's a birnin Los Angeles, shi ne ya ƙara yaɗa wannan haɗi a ƙasar.

Sauran abu ɗaya shi ne rufe naman da waful na biyu a ɗauka da hannu. Wannan ɗabi'a ta sa nama tsakanin yanka biyu na burodi ta sami sunanta ne daga wani basaraken Ingila, John Montagu, mai riƙe da sarautar garin Sandwich, wanda ya rayu daga 1718 zuwa 1792. Wasu sun ce son caca ne ya hana shi tashi cin abinci, wasu kuma sun ce yawan aikin ofis ne, da yake ya shugabanci ma'aikatar sojan ruwa. Ko ma wanne ne, masanin tarihin nan Edward Gibbon ya rubuta kalmar a littafin ajiye labarinsa na yau da kullum cikin 1762, kuma daga nan ne sunan sanwic ya bi duniya. Amurkawa suna da wani iri da suke kira Monte Cristo, wanda ake sa wa nama da cuku, a tsoma a ƙwai a soya, a barbaɗa garin sukari a ci da jam. Sanwic ɗin waful ɗan'uwansa ne na kusa.

DON ME ZAƘI DA NAMA?

Mai karatu yana iya mamakin abin da ya haɗa nama da sukari. Amma masu binciken abinci sun tabbatar cewa ɗan gishiri kaɗan yana danne ɗaci kuma yana fito da zaƙi, tsami kuwa yana rage nauyin maiƙo a baki. Bayan haka akwai dalilin da ya shafi naman da ya kwana. Idan nama ya dahu zarensa yakan tsuke ya matse ruwan da ke cikinsa, idan ya zauna a sanyi kuma sai iska ta fara aiki a kan kitsensa, sinadarin ƙarfen da ke cikin tsoka yana taimaka mata, shi ne abin da ke kawo wannan ɗan warin da ake ji a ɗumamen kaza. Abu mai zaƙi da ruwa-ruwa yana mayar wa naman damshin da ya rasa, mai tsami da yaji kuma suna rufe wancan wari.

Abubuwa biyu Amurkawa suka fi amfani da su. Na farko shi ne ruwan itacen mapul, watau itacen nan da ganyensa ke jikin tutar Kanada. A ƙarshen hunturu ake huda jikinsa a tara ruwan, a dafa har ya yi kauri kamar zuma, kuma sai an dafa wajen lita 40 kafin a sami lita 1. 'Yan asalin nahiyar ne suka koya wa Turawa wannan sana'a, kuma lardin Quebec na Kanada shi ke samar da wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da duniya take sha. Na biyu shi ne miyar kiranberi, wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace masu tsananin tsami da ake nomawa a fadamun jihohin Wisconsin da Massachusetts. Akan dafa su da ruwa da sukari na minti 10 har su farfashe su yi kauri, kuma akan ci talotalon Ranar Godiya da su. Wani abin sha'awa shi ne, a Jihar Florida, inda kiranberi ba ya yi saboda zafi, mutanen da sukan dafa zoɓo da sukari a maimakonsa, har suka sa wa zoɓon suna kiranberin Florida.

Ba Amurkawa kaɗai suka gano wannan sirri ba. A ƙasar Maroko akwai wani girki da ake kira muruziya, wanda ake yi da naman rago da zuma da zabibi da kayan ƙamshi bayan Babbar Salla, kuma tun asali zumar da kitsen ne suke taimaka wa naman ya daɗe bai lalace ba. Mutanen birnin Fas kuma suna da basɗila, wadda ake cusa wa naman tantabara ko kaza a barbaɗa mata sukari da kirfa. A ƙasar Hausa ma ana cin waina da zuma ko sukari, ana kuma cin ta da miyar taushe da nama. Abin da Amurkawa suka yi shi ne haɗa biyun a loma ɗaya.

YADDA AKE YIN ƘULLUN

Domin abincin mutum huɗu ana bukatar fulawa kofi 2, watau kimanin giram 250, da bakin hoda babban cokali 1, da sukari babban cokali 1, da gishiri rabin ƙaramin cokali, da ƙwai 2, da madara kofi 1 da kashi uku cikin huɗu, da narkakken bota ko man gyaɗa sulusin kofi. Sukarin kaɗan ne da gangan, domin zaƙin zai zo ne daga abin da za a shafa daga baya, kuma ƙullu mai yawan sukari yana ƙonewa ya manne wa ƙarfe.

A tankaɗe fulawa da bakin hoda da gishiri da sukari a kwano ɗaya. A wani kwanon a kaɗa ƙwai da madara da mai. Sa'an nan a juye mai ruwan a cikin busasshen, a juya da muciya ko cokali har garin ya ɓace kawai. Ko da an ga 'yan gudaji kada a damu, domin yawan bugu yana tayar da danƙon alkama, waful ɗin ya fito da tauri kamar roba. Wanda yake son ya fi tashi sai ya ware farin ƙwan, ya buga shi har ya yi kumfa ya tsaya, ya zuba shi a ƙarshe yana juyawa a hankali. A bar ƙullun ya huta minti 10.

Ƙarfen kuwa sai ya yi zafi sosai kafin a zuba masa kome. A shafa masa mai kaɗan, a zuba ludayi ɗaya a tsakiya, a rufe, kada a buɗe. Tururi zai riƙa fita ta gefe, kuma raguwarsa ita ce alamar cewa ya kusa, abin da yakan ɗauki minti 4 zuwa 5. Wanda ya yi gaggawar buɗewa sai ya raba waful ɗin gida biyu, rabi a sama rabi a ƙasa. Jan da bayansa yake yi da ƙamshin da yake tashi suna zuwa ne daga haɗuwar sukari da sinadaran furotin a cikin zafi, abin da wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana cikin 1912. Da yake ramukan sun ƙara wa waful faɗin jiki, wurin da ke yin ja a jikinsa ya fi na burodi yawa. Idan an kwashe, a jera su a kan raga ɗaya bayan ɗaya. In aka ɗora wani kan wani, tururi zai jiƙa su su yi laƙwas.

NAMAN DA HAƊAWA

Ana bukatar ragowar nama kimanin giram 300. Wasu littattafan girkin Amurka suna ambaton naman alade a nan, amma talotalo da kaza da naman sa da na rago duk suna yi, kuma da su ne Musulmin ƙasar suke yin nasu. A cire ƙashi da fatar da ta yi laushi, a yanka naman siri-siri a gicciye da zarensa, ko a yayyaga shi da hannu mai tsabta. A soya albasa ɗaya a ɗan mai har ta yi laushi ta fara ja, a zuba naman, a ƙara romo ko ruwa babban cokali 3 ko 4, a sa barkono da masoro gwargwadon bukata, a rufe kaskon. Romon nan shi ne ke hana naman ƙara bushewa. A bar shi a wuta har zafi ya ratsa shi ko'ina yana tururi.

Wajen haɗawa akwai tsari. A shafa mustad ko yaji a fuskar waful na ƙasa, a ɗora yankan cuku, sa'an nan naman da zafinsa domin cukun ya narke ya riƙe shi. A fuskar waful na sama a shafa miyar kiranberi, ko ta zoɓo, ko jam, ko zuma, kimanin babban cokali 1. A nan ne ramukan suke nuna amfaninsu, domin suna riƙe abu mai ruwa kada ya tsiyaye ta gefe. A kifa na saman, a ɗora a busasshen kasko bisa wuta kaɗan, a danna da bayan cokali minti 2, a juya a yi wa ɗaya gefen haka. A yanka gida biyu a ci nan take, domin bayan ɗan lokaci damshin nama zai cinye ƙarfin waful ɗin.

Akwai masu bin hanyar littafin nan na 1393, watau su zuba rabin ƙullu a ƙarfe, su barbaɗa yayyagaggen nama da cuku, su rufe da sauran ƙullun. Ga mai bin wannan hanya, wajibi ne ya ɗumama naman tukuna, domin minti 5 a cikin ƙarfe ba lalle ne ya isa zafi ya kai tsakiyar nama mai sanyi ba. Wanda kuma ba shi da ƙarfen waful yana iya toya wannan ƙullun a kasko ko a tanda. Zai rasa ramukan, amma ɗanɗanon bai canja ba.

INDA HAƊARIN YAKE

Duk wannan bayani ya rataya ne a kan abu ɗaya, watau yadda aka ajiye naman tun daga lokacin da aka sauke shi daga wuta. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka tana gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a cikin abinci tsakanin digiri 4 da digiri 60 na ma'aunin santigired, kuma a wannan tsakani adadinsu yana iya ninkawa duk bayan minti 20. Saboda haka ƙa'idar ita ce kada dafaffen nama ya wuce awa 2 a fili, idan kuwa zafin gari ya haura digiri 32, to awa 1 ce kawai. A yanka shi ƙanana a zuba a mazubai marasa zurfi domin ya yi saurin hucewa a firji, a cinye shi cikin kwana 3 zuwa 4, ko kuma a sa shi a firiza. Idan za a ɗumama, sai zafin tsakiyarsa ya kai digiri 74.

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium perfringens wadda take da dangantaka ta musamman da irin wannan biki. Tana iya lulluɓe kanta ta tsira daga dafuwa, idan babban nama ko tukunyar romo ta zauna tana hucewa a hankali sai ta farka ta yaɗu. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ce wannan ƙwaya tana kwantar da kusan mutum miliyan 1 a ƙasar kowace shekara, kuma ɓarkewarta ta fi yawa a watannin Nuwamba da Disamba, watau lokacin bukukuwa. Alamunta su ne murɗawar ciki da zawo, awa 6 zuwa 24 bayan cin abincin. Wata kuma, Staphylococcus aureus, daga hannun mutane take shiga abinci, dafin da take zubarwa kuwa ɗumamawa ba ta kashe shi. Abin lura a nan shi ne, naman da waɗannan ƙwayoyi suka cika ba lalle ne ya yi wari ko yauƙi ba, don haka hanci ba alƙali ba ne. Zaƙi da yajin da ke rufe warin ɗumame ma suna iya rufe alamar lalacewa.

Wannan gargaɗi ya fi shafar ƙasashe masu zafi irin Nijeriya da Nijar, inda a watannin Maris da Afrilu zafin garuruwa kamar Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan wuce digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Idan wuta ta ɗauke, firjin da ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyinsa na kimanin awa 4 ne kawai, cikakken firiza kuwa awa 48, wanda yake rabi awa 24. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar cikin 2015 ya nuna cewa mutum miliyan 600 ne suke rashin lafiya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa, daga cikinsu 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka kwatanta da yawan jama'arta, da marasa lafiya fiye da miliyan 91 da mamata 137,000. Tsohuwar dabarar soya naman layya a mai har ya bushe ƙarau tana aiki ne domin ta kori ruwan da ƙwayoyin cuta suke bukata, kuma irin wannan nama, idan aka daka shi ko aka sulala shi da ɗan romo, ya dace da wannan haɗi.

Ta wajen gina jiki ma akwai abin dubawa. Babban cokali 1 na ruwan mapul yana ɗauke da sukari kimanin giram 12, na zuma ma ya fi haka. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada sukarin da baligi yake ƙarawa a abinci ya wuce kimanin giram 50 a yini, gishiri kuma ya gaza giram 5. Cuku da mustad da naman da aka riga aka sa wa gishiri duk suna ƙara lissafi. Masu ciwon sukari da masu hawan jini sai su rage shafin, su ƙara albasa da tumatir da ganye.

ABIN DA AKE ZUBARWA

Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na abincin ƙasar ba ya shiga cikin kowa. Matsalar kuwa ba ta tsaya ga ƙasashe masu arziki ba. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar cikin 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci ton miliyan 1,050 a duniya, kashi 60 cikin ɗari daga gidajen jama'a, watau kimanin kilo 79 a kan kowane mutum, a daidai lokacin da mutum miliyan 783 suke fama da yunwa. Rahoton ya kuma nuna cewa bambancin da ke tsakanin gidajen ƙasashe masu arziki da na masu matsakaicin hali a wannan fanni kaɗan ne, kuma ƙasashe masu zafi sun fi zubarwa, wataƙila saboda ƙarancin abin sanyaya abinci.

Daga cikin duk abin da ake zubarwa, nama ne ya fi tsada, domin kafin ya iso faranti an kashe masa hatsi da ruwa da watanni na kiwo, sa'an nan itace ko gas da wahalar mai girki. Giram 300 na tsokar da yara suka ƙi jiya, idan aka haɗa ta da kofi 2 na fulawa da ƙwai 2, ta ciyar da mutum huɗu yau. Amma wannan riba ta wanda ya kula da naman ne tun awa biyun farko bayan an tashi daga cin abinci. Naman da ya kwana a kan tebur cikin zafi, babu zuma ko yajin da zai gyara shi, zubar da shi ya fi araha, domin rigakafi ya fi magani.